Kafin A Kwance Kafireta: Abin Da Tsohuwar MGB Mai Tari Take Koya Mana



Yau gareji za mu shiga, kuma ra'ayin da muka zo da shi gajere ne. Idan tsohuwar mota ta fara tari, tana fizga, tana rasa ƙarfi a hawa, to kafireta ce ta ƙarshe da ya kamata a sa wa sukudireba. Haka kuma bai kamata a sayi sabon kaya ko guda ɗaya ba sai an tabbatar da hujja cewa tsohon ne ya lalace. Mun san akwai masu ja da wannan magana, kuma za mu zo kan hujjojinsu, domin ba su rasa abin faɗa ba. Amma tukuna bari mu ɗauki mota guda mu bi ta daki-daki, don kada maganar ta tsaya a iska.

Motar da muka zaɓa ita ce MGB, 'yar ƙaramar motar tsere da shaƙatawa mai kujeru biyu, wadda aka ƙera a garin Abingdon da ke kusa da Oxford a Ingila daga 1962 zuwa 1980. An yi fiye da rabin miliyan, kuma kaso mai yawa Amurka aka kai su. Har yau dubbai suna kan titi a hannun masu sha'awar tsofaffin motoci. Injinta mai silinda huɗu ne, girmansa cc 1798, ƙarfinsa a farko kimanin doki 95. Mai yana zuwa ne ta kafireta biyu na kamfanin SU, ban da waɗanda aka kai Amurka daga 1975, da aka mayar masu kafireta ɗaya. Famfon manta na lantarki ne, yana can baya kusa da tanki. Kayan wuta kuma na kamfanin Lucas ne na birnin Birmingham, wanda masu barkwanci suka yi wa laƙabi da yariman duhu, saboda yawan zargin da ake wa wayoyinsa.

Babu kwamfuta ko ɗaya a cikin wannan mota. Babu inda za a jona na'ura ta rubuto lambar ciwo. Duk abin da za a sani, sai an same shi ta kunne da ido da hanci da 'yan awo. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da makaniken Peugeot 504, wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, ba zai ji baƙon abu ba, domin tsarin kusan ɗaya ne: kafireta, kwantak, kondensa, koyil da distiributa.

Mu fara da abin da kowane inji mai amfani da fetur yake buƙata. Abu uku ne. Na farko, gaurayen iska da mai daidai gwargwado, kimanin kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur idan an auna da nauyi. Na biyu, matsi a cikin silinda. Na uku, tartsatsin wuta mai ƙarfi a daidai lokacinsa. Duk tarin da inji zai yi, ɗaya daga cikin ukun nan ne ya gaza. Matsalar ita ce daga kujerar direba ciwon ukun kamanninsu ɗaya. Mota ta yi fizga, ta shaƙe, an taka totur ba ta amsa ba. Shi ya sa zato yake da sauƙi, kuma shi ya sa yake cin kuɗi.

Me ya sa kafireta ce kullum ake fara zargi? Saboda ita ce a fili. Da an ɗaga murfin injin MGB, ga su nan biyu suna ƙyalli kamar tukwane, da goro da sukurori da suke kiran hannu. Sannan tarin inji yana kama da yunwar mai, don haka hankali sai ya tafi inda mai yake. Amma kafiretar SU abu ce mai sauƙin gini ƙwarai. Fistin ne guda da ke hawa da sauka gwargwadon iskar da inji yake zuƙa, da siririyar allura a ƙarƙashinsa da ke buɗe wa mai hanya. Ba ta da abubuwa da yawa da za su goce da kansu cikin dare ɗaya. Motar da ta yi tafiya lafiya jiya, yau ta tashi da tari, da wuya a ce saitin kafiretarta ne ya sauya. Tsofaffin makanikan waɗannan motoci suna da wata magana ta raha, cewa yawancin ciwon kafireta na lantarki ne. Raha ce, amma akwai gogewa a cikinta.

Ga dalilin. Wutar batir bolt 12 ce kacal. Koyil ne yake ɗaga ta zuwa dubban bolt domin ta iya tsallake bakin fulogi. Idan mota tana sulo, matsin da ke cikin silinda kaɗan ne, ko wuta mai rauni za ta tsallake. Da an taka totur a hawa, silinda ta cika da iska da mai, matsi ya ƙaru, sai tartsatsin ya buƙaci ƙarfi fiye da da. A nan ne koyil mai rauni, ko wayar fulogi da ta tsufa, ko murfin distiributa mai tsaga, za su tona kansu. Wutar sai ta nemi hanya mafi sauƙi ta zille zuwa jikin inji. Direba kuwa abin da zai ji shi ne mota tana shaƙewa daidai lokacin da ya nemi ƙarfi, sai ya rantse mai ne ba ya isa.

To yaya za a bambance? Ta tambayar mai mota kafin a ɗauki sifana. Yaushe take yi? Da sanyin safiya, ko sai ta yi zafi? Nan take da an taka totur, ko sai an ɗan jima ana gudu? Idan an tsaya minti goma tana warwarewa? Me aka taɓa ko aka canza kwanan nan? Ta daɗe a ajiye? Kowace amsa tana rufe wasu ƙofofi, ta bar kaɗan a buɗe. Mu da muke fama da alƙalami mun san bambancin wanda ya ce "ba ta da lafiya" da wanda ya ce "sai ta yi tafiyar minti ashirin, sannan a hawa take fara fizga". Na biyun ya riga ya yi rabin aikin makanike.

Ɗauki batun lokaci. Idan tarin yana zuwa nan take da an danna totur, kamar an tsinke zare an ɗaura, hankali ya fi karkata ga wuta. Idan kuwa mota ta ja da kyau na ɗan lokaci, sannan a hankali ta fara laushi, da an sassauta ƙafa kuma ta dawo hayyacinta, to wannan halin ƙarancin mai ne. Kowace kafireta tana da ɗan kofin ajiyar mai. Idan abin da ke shigowa bai kai abin da ke fita ba, kofin zai ɗauki ɗan lokaci kafin ya ƙafe, ya kuma sake cika idan an rage gudu. Wannan jinkirin shi ne shaidar.

MGB tana da wani mai ba da shaida da mutane da yawa ba sa kallo, wato agogon da ke nuna juyawar inji. Daga 1964 zuwa gaba, wannan agogo daga layin wutar koyil yake ɗaukar karatunsa. Saboda haka idan mota tana tafiya cikin giya, ta fara tari, sai aka ga allurar agogon tana tsalle ko ta faɗi ƙasa farat ɗaya alhali tayoyi suna ci gaba da juya injin, to ƙaramar wuta ce take yankewa: makulli, waya, kwantak ko mahaɗa. Idan kuwa allurar tana sauka a hankali tare da gudun motar, ƙaramar wuta tana nan lafiya, sai a koma kan mai ko kan babbar wutar da ke zuwa fulogi. Kallo ɗaya na daƙiƙa biyu ya raba binciken gida biyu, ba a kashe ko sisi ba.

Akwai gwaji na biyu, shi ma kyauta. Lokacin da take shaƙewa, a ɗan ja cok. Cok yana ƙara wa gaurayen mai. Idan ta farfaɗo, to ashe mai ya yi mata kaɗan, ko kuma iska tana satar shiga ta wani wuri. Idan ta ƙara lalacewa ko babu wani sauyi, a nemi ciwon a wani gefe.

Na uku ya fi su ƙarfin hujja. Da tarin ya yi tsanani, a kashe makulli nan take, a taka kuloci, a gangara gefen hanya inda babu haɗari. A motocin da makullinsu ke kulle sitiyari, kada a murɗa shi har ƙarshe. Kashe makulli yana tsayar da famfo, don haka abin da ke cikin kofunan kafireta zai tsaya yadda yake a lokacin ciwon. A motocin farko masu kafireta samfurin HS4, sukurori uku ne suke riƙe da murfin kowane kofi. Idan an buɗe an tarar duka biyun a bushe, mai ba ya zuwa daga baya. Idan ɗaya ne a bushe, allurar shigar mai ta wannan kofin ce ta maƙale. Idan duka a cike suke, a rufe, a bar zancen mai, a koma kan wuta.

Yanzu mu bi layin wutar. Kwantak wasu 'yan ƙarafa biyu ne a cikin distiributa da ke buɗewa suna rufewa, kuma duk buɗewa ɗaya tartsatsi ɗaya ne. Tazarar da ake so a tsakaninsu kimanin inci 0.015 ce, abin da bai kai rabin milimita ba. Ɗan dunduniyar da ke goga jikin sandar distiributa yana cinyewa a hankali, tazarar sai ta riƙa tsukewa. Idan ta tsuke, wuta ta yi rauni, lokacin tartsatsi kuma ya ja baya, mota ta zama kasala. Awon wannan tazara da siririn ƙarfen awo bai fi minti biyar ba. Kusa da shi akwai kondensa, wadda idan ta fara mutuwa sai ta yi aiki da sanyi ta ƙi da zafi, kuma sau da yawa za a ga bakin kwantak ya ƙone. Akwai kuma wata siririyar waya mai laushi a cikin distiributa da ke lanƙwasa duk lokacin da farantin ciki ya motsa. Bayan shekaru tana iya tsinkewa a cikin rigarta, daga waje kuwa lafiya lau. Irin wannan sai ta riƙa yanke wuta daidai lokacin da aka sauya ƙafa a kan totur.

Koyil ma yana da nasa tarko. MGB na farko suna amfani da koyil mai cin bolt 12 kai tsaye, wanda juriyarsa take kimanin om 3. Na baya masu bamba ta roba suna da wata waya mai rage wuta a hanya, don haka koyil ɗinsu na kimanin om 1.5 ne. Idan aka sa na om 1.5 a tsohon tsari, zai yi zafi ya ƙona kwantak. Idan aka sa na om 3 a sabon tsari, wuta za ta yi rauni a gudu. Daga waje su biyun kamar tagwaye. Mita ce kawai take raba su.

Sai fulogi, waɗanda su ne suka ga abin da ya faru a cikin silinda da idonsu. Tazarar bakinsu a motocin farko inci 0.025 ce, tsarin tashin wuta kuma 1-3-4-2. A cire su huɗun a jera su yadda suke. Mai launin ƙasa-ƙasa lafiya. Mai baƙin hayaƙi busasshe, mai ya yi yawa ko wuta ba ta kamawa. Mai fari fat, mai ya yi kaɗan. Mai jiƙe da baƙin mai, ciwon ya shiga ringi ko bawul. A wannan injin akwai ƙarin haske: kafiretar gaba ita ce galibi take ciyar da silinda ta 1 da ta 2, ta baya kuma ta 3 da ta 4. Idan biyun gaba sun yi baƙi, biyun baya sun yi fari, a nan kam an samu dalilin duban kafireta. Idan kuwa guda ɗaya tak ya fita daban, kafireta ba ta da laifi, domin ba ta san zaɓen silinda ɗaya ba. A duba wayar wannan fulogi, ko bawul ɗin wannan silinda.

Idan hujja ta nuna mai, har yanzu ba a zo kan kafireta ba, domin tafiyar mai tana farawa ne daga tanki. Famfon SU yana da murya. Da an murɗa makulli za a ji shi yana ƙas-ƙas-ƙas, ya rage sauri, ya yi shiru idan kofuna sun cika. Idan bai yi motsi ba sam, aka ɗan ƙwanƙwasa shi da bayan sifana ya tashi, to nasa 'yan ƙarafan wutar ne suka yi datti, domin shi ma yana da kwantak a ciki. Idan kuma ya ƙi yin shiru, yana ta bugawa da sauri, ko dai yana zuƙar iska, ko tanki ya ƙafe, ko wani kofi yana ambaliya. Wannan na ƙarshe ba abin wasa ba ne, domin a injin MGB kafireta suna zaune ne a saman bututun hayaƙi, gefe ɗaya. Gwajin da ke yanke hukunci shi ne a cire tiyon da ke shiga kafireta, a sa shi a cikin kwalba, a kunna makulli. Masana wannan mota sukan nemi a ga mai yana zuba sosai, ba kumfa. Ana yin wannan ne inji na sanyi, a fili, nesa da sigari da duk wani abu mai tartsatsi.

Tanki kansa yana iya zama mai laifi ta hanya biyu. Tsatsa tana taruwa a gindinsa, famfo ya zuƙo ta ta toshe bakin bututu, idan an kashe inji sai ta saki ta koma ƙasa. Shi ya sa motar za ta mutu a hanya, a huta kaɗan, ta tashi kamar ba ita ba. Hanya ta biyu ita ce numfashi. Mai yana fita daga tanki, dole iska ta shiga ta maye gurbinsa. Idan ƙofar iskar ta toshe, ko aka sa murfin da ba nasa ba, famfo zai yi ta ja har ya gaza. Alamarsa ita ce a buɗe murfin tanki lokacin ciwon a ji ya zuƙi iska da ƙarfi, motar kuma ta warke nan take. Mutum yana iya canza famfo sau biyu a kan laifin murfi.

Zamani ma ya sauya wa waɗannan motoci abinci. An ƙera su ne lokacin fetur mai gubar dalma, wanda aka janye daga gidajen man Birtaniya a 2000. Rashin dalmar yana iya sa mazaunin bawul ɗin hayaƙi ya riƙa cinyewa a tsofaffin injinan da ba a sa wa mazauni mai tauri ba, tazarar bawul ta tsuke, matsi ya zube. Sannan a Satumbar 2021 Birtaniya ta mayar da fetur na yau da kullum ya zama E10, mai ɗauke da sinadarin etanol har zuwa kashi 10 cikin ɗari. Etanol yana jan ruwa, yana kuma cin tsohuwar roba. Motar da ake ajiyewa duk tsawon hunturu da rabin tanki, a fito da ita da bazara, tana iya tashi da ruwa a gindin tanki da ɓarɓashin tiyo a cikin allura. Shi ya sa tambayar "ta daɗe a ajiye?" take da nauyi.

Saura matsi. Na'urar awon matsi ba ta da tsada, kuma aikinta bai fi rabin awa ba. Abin da ake nema shi ne silinda huɗun su yi kusa da juna, kada bambancinsu ya wuce kimanin kashi 10 cikin ɗari. Idan biyu maƙwabta sun faɗi tare, gaskit ɗin da ke tsakaninsu ake zargi. Idan ɗaya ta faɗi, aka ɗiga mata ɗan baƙin mai awon ya tashi, ringi ne. Idan bai tashi ba, bawul ne. Injin da bawul ɗinsa ya ƙone, ko a kwana ana murɗa kafireta ba zai daidaita ba. Haka nan salansar da cikinta ya rufta: mota za ta yi sulo lafiya, amma ta ƙi gudu, domin wanda aka toshe wa hanci ba ya tsere.

Sai bayan duk wannan ne ake zuwa kan kafireta, kuma ko a nan ma duba ake farawa da shi kafin murɗi. Akwai mai a cikin tukunyar saman da ke rage wa fistin gaggawar tashi? Idan babu, mota za ta yi tuntuɓe duk sanda aka taka totur. Idan an ɗaga fistin da yatsa aka saki, yana sauka sumul har a ji ƙarar zamansa? Cok yana komawa gidansa gaba ɗaya? Sandar totur ta yi lako-lako har iska tana shiga ta gefe? Farantin da ke kare kafireta daga zafin bututun hayaƙi yana nan da rufinsa? Goron saitin mai shi ne na ƙarshen ƙarshe, bayan bawul da kwantak da lokacin wuta duk sun zauna daidai. Dalili kuwa, duk saitin da aka yi wa kafireta a kan wuta mara kyau, ɓoye ciwo aka yi. Ranar da aka gyara wutar, sai a tarar an ƙirƙiri ciwo na biyu da hannu.

Yanzu mu saurari masu ja. Hujjarsu ta farko ita ce kuɗi. Suna cewa kwantak da kondensa da fulogi duk arha ne, lokacin makanike kuwa a Ingila ko Amurka tsada ne da shi. Me zai hana a kwashe su duka a zuba sababbi a wuce wurin? Maganar tana da ma'ana idan lokacin sabis ya yi. Amma a matsayin magani tana da rami biyu. Na farko, sabo ba shi ne lafiyayye ba. Masu tsofaffin motocin Ingila sun sha fama da sababbin kondensa marasa inganci, da kuma wani irin sabon hannun rarraba wuta na cikin distiributa mai ƙusa a jiki, wanda da ya yi zafi sai wuta ta bi ta cikinsa ta zille zuwa sandar ƙarfe. Mutum ya cire tsohon kaya mai aiki, ya sa sabo mai ciwo, sai ya koma yana da matsala biyu, kuma ba zai taɓa zargin abin da ya sayo jiya ba. Na biyu, idan an canza abu biyar a tare motar ta warke, ba a san wanne ne ba. Idan ciwon ya dawo bayan wata shida a tsakiyar hanya, an koma farko, babu abin da aka koya.

Hujjarsu ta biyu ita ce a cire kwantak gaba ɗaya a sa na'urar wuta ta zamani, wadda ba ta cinyewa kuma ba ta son awo. Ba mu ƙi wannan ba, mutane da yawa sun yi sun ji daɗi. Abin da muke cewa shi ne a yi shi ga motar da ke lafiya, don a rage wahalar gaba. Idan an yi shi ga mara lafiya da fatan dacewa, to ba zai cire tsatsa daga tanki ba, ba zai gyara nauyin cikin distiributa da suka daskare suka daina tura lokacin wuta gaba ba. Kuma kwantak idan zai mutu yakan yi gargaɗi, a goge shi a gefen hanya a ƙarasa gida. Na'urar zamani idan ta mutu, sau da yawa ɗif take yi, shi ya sa masu dabara suke ajiye tsohon kwantak a but.

Hujja ta uku ta fi wuyar amsawa. Suna cewa ƙwararren makanike yana jin ƙarar inji ya faɗi ciwon, ba ya buƙatar wannan dogon layi. Gaskiya ne akwai irinsu. Amma idan aka lura da su da kyau, layin nan suke bi, sai dai sun bi shi sau dubu har ya zama cikin ƙiftawar ido. Kuma na ƙwarai a cikinsu, ko ya faɗi zatonsa, sai ya gwada kafin ya aiki yaro kasuwa. Haɗarin yana wurin mai kwaikwayon saurinsu ba tare da shekarunsu ba. Gaggawa, in ji Hausawa, ba ta haifar da ɗa mai ido.

Me ke cikin haɗari idan an yi sakaci? Kuɗi ne na farko, amma shi ne mafi sauƙi. Injin da ke tafiya da ƙarancin mai yana zafi fiye da kima, yana iya ƙona bawul ko ya huda fistin. Wanda ke tafiya da mai fiye da kima yana wanke baƙin man jikin silinda, ringi ya cinye. Kofin da ke ambaliya a saman bututun hayaƙi yana iya cinye motar gaba ɗaya. Motar da ke shaƙewa daidai lokacin da direba ya fita zai wuce babbar mota kuwa, maganar rai ce. Sannan akwai amana. Mai mota da aka sa ya sayi koyil, ya sayi famfo, ya biya kuɗin wankin kafireta, motar tana nan da tarinta, ba zai ƙara yarda da makanike ba, ko da na gaba mai gaskiya ne.

Akwai kuma asarar da ba a gani da wuri. An rufe masana'antar Abingdon a 1980, waɗanda suka koyi sana'a a kan irin waɗannan injina suna ta tsufa. Matasan da ke shiga gareji yau na'ura suke jonawa ta ba su lamba, kuma babu laifi a cikin haka. Sai dai lambar alama take faɗa, ba ta faɗin dalili. Wanda bai iya tambayar "me zai sa haka?" ba, zai canza abin da lambar ta ambata, ciwon ya dawo, ya sake canzawa. Tsohuwar mota irin MGB makaranta ce mai kyau saboda ba ta ba da amsar da za a kwafa. Dole a saurara, a yi zato, a nemi gwajin da zai iya ƙaryata zaton, sannan a taɓa abu ɗaya a lokaci ɗaya, a rubuta abin da aka taɓa da yadda yake kafin a taɓa shi.

Saboda haka ga matsayarmu. Mai mota ya lura, ya zo da bayani dalla-dalla. Makanike ya tambaya kafin ya kwance. A fara da gwajin da ba ya cin kuɗi: agogon inji, cok, murfin tanki, muryar famfo, launin fulogi. A bi da awo: kwantak, koyil, zubar mai, matsi. Duk tsohon kayan da aka cire a ajiye shi har sai an tabbatar sabon ya fi shi. Kuma idan an ce wa mai mota ya sayo wani abu, yana da haƙƙin ya tambayi wane gwaji ne ya nuna hakan. Makanike na gari ba ya jin haushin wannan tambaya.

A cikinmu akwai direbobi, akwai 'ya'yan makanikai, akwai waɗanda suka yi zaman gareji kafin su riƙe biro. Muna son jin ta bakinku, musamman waɗanda suke ganin mun tsananta wa masu canza kaya. Sai mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu.